Ranar Da Na Kai Ku Wurin Lilo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Hussaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya a gidan kawunka a Rijiyar Zaki, ka yi salla, ka ci abinci, gajiyar hanya ta sake ka. Allah Ya tsare ka a inda ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanka. Innarku ce za ta cusa takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuliƙuli, don na san idan na miƙa maka hannu da hannu a tasha, a gabana za ka buɗe ta, ni kuma ba zan iya tsayawa ana karanta ni ina kallo ba. Rubutun sai ka yi haƙuri da shi, hannun ya fi sabawa da ƙotar fartanya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don ko akuya ce ta yi tari a gidan nan kai ne farkon ji. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Shekaranjiya a zaure, kana ɗaure littattafanka, ka ce da ni, "Baba, zan tafi, amma da sharaɗi. Duk ranar da Hassan ya ƙi cin abinci, ko ya shiga halin nan nasa, ka kira ni. Ran nan zan dawo." Ni kuma na ce to. Wannan "to" ɗin ta hana ni sakat. Na san halinka, kira ɗaya zan yi ka tattara komatsanka ka hau mota, gurbin da ka samu a jami'a ya sake suɓucewa kamar bara, kuma ka ji da kunnenka an ce ba za a ƙara ajiye maka shi ba. Kafin in gaya maka abin da na yanke, sai na ba ka labarin wata rana da kai daɗinta kawai ka riƙe, ni kuma na riƙe sauran.

Shekarunku bakwai kai da ɗan'uwan tagwaitakarka. Shekarar ba ta wasa ba ce. Ruwa ya makara, da ya zo kuma ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Taki ya gagari talaka, mai ya yi wuya har motar Kunci sai ta ga dama take fitowa. Tuwo sau ɗaya ake tuƙawa a gidan nan, sauran cikin a lallaɓa shi da kunu da kwaɗon tafasa. Mai hankali ba ya ɗaukar iyali ya tafi birni wasa a irin wannan shekara, amma ni bakina ne ya ja mini. Malaminku na allo ya aiko cewa ka kai izu biyar, daɗi ya kwashe ni, na ce a gaban jama'a, "Faɗi abin da kake so." Na ɗauka zakara za ka ce. Sai ka ce kana so a kai ka wurin wasan yara na birni da kake jin tallansa a rediyo, mai lilon da yake kai mutum sama. Mutane suka yi dariya, suka zuba mini ido. Ranar kasuwa na ja 'yar tunkiyata na sayar. Ka kiyayi yin alkawari lokacin da ake yabonka, Hussaini, don kan mutum a lokacin ba nasa ba ne.

Ka san yadda aka rene ku, amma bari in faɗa maka yadda ni nake ganin abin a wancan lokacin. Kai ciwo ya shanye maka ƙafafu kana ɗan shekara biyu, ya bar maka baki har da gyara. Hassan kuwa ƙafa lafiya lau, ko ɗan akuya ba ya tsere masa, amma magana sai kalma ɗaya ko biyu, ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba shiri, kuma idan abu ya sauya daga yadda ya saba sai duniya ta rikice masa. An ce iska ce, mun sha hayaƙi, mun sha rubutu, daga baya likita ya kira abin da wani suna da har yau ba ya zama a bakina. Ni dai sai na samo wata magana da take yi mini daɗi: Hassan ne ƙafar Hussaini, Hussaini ne bakin Hassan. Duk wanda na gaya wa sai ya ce Allah mai hikima, ni kuma in ji kamar ni na tsara.

Ga kuma tarbiyyar kakarku, Allah Ya jiƙanta. Ita a wurinta 'yan biyu ba a bambanta su ko da ƙwayar gyaɗa. Riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, aski rana ɗaya. Idan kai ka yi tari aka ba ka magani, sai ta sa an lasa wa Hassan cokalin. Takan ce duk wanda ya fifita ɗaya, kunamunsu ne za su yi masa hukunci. A baki nakan ce camfi ne, amma ban taɓa shigowa gidan nan da alewa ɗaya ba. Saboda haka da ka roƙi zuwa wurin lilo, ko tambayar kaina ban yi ba ko Hassan yana so. An ce ɗaya zai je, to biyu za su je.

Kuskure tun a gida na fara shi. Na ɗinka muku shadda iri ɗaya, mai sitaci, wuyan ya sha aiki, irin wadda idan ka ajiye ta a ƙasa za ta tsaya da kanta. Hassan kuwa wata tsohuwar riga ce da shi mai laushi, duk ta koɗe, ita kaɗai jikinsa ya yarda da ita. Innarku ta ce, "Malam, a bar masa tasa mana, ko a ciki ne." Na ce birni za mu, ba zan shiga da yaro kamar wanda aka tsinto ba. Kuma na hana a gaya masa inda za mu, wai ina so in ba shi mamaki. Aka tashe shi da safe aka cusa shi cikin shadda, aka cusa shi cikin mota, ba wanda ya ce masa ga abin da ake ciki. Tun kafin Bici ya fara yakushin wuyansa. Na yi wa yaron nan ado ne don idon mutanen da ko sunansa ba su sani ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya kwana da tunanin rigarsa. Kai ma za ka shiga cikin masu ado. Ka sa abin da jikinka zai iya yini da shi. Duk wanda kuma yake ƙarƙashin kulawarka, yaro ne ko babba, ka gaya masa inda za a kai shi da abin da zai tarar, ko da kana ganin ba ya fahimta. Sau da yawa yana fahimta, amsawa ce ba ya yi.

Naka kuskuren da na yi maka kuwa, sandunanka na bari a gida. Ka ɗauko su, na ce ajiye, wurin cunkoso ne, ni zan goya ka. Gaskiyar magana ba cunkoso na duba ba. Sandunan kafinta ne na ƙauye, an naɗe kansu da tsumma da robar taya, ban so a gan mu da su. Yini guda kana bayana kamar buhun gero, inda na ga dama nan ka je, abin da na juya na kalla shi ka gani. Sau nawa ka ce, "Baba, juya in ga motocin can," ni kuma ina ta kaina. Da sandunanka da kai za ka je, a hankali, amma da kanka. Yanzu kekenka na hannu yana tare da kai, kada ka ji kunyarsa a gaban kowa. Idan ka tarar da matakala, ka nemi taimako da bakinka, ka faɗi yadda kake so a kama ka, babu faɗuwar girma a ciki. Amma wanda ya zo zai sungume ka ba tare da ya tambaye ka ba, ka ce masa ya dakata, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Ranar ma ni na zaɓe ta, kashegarin ƙaramar salla, da rana tsaka. Kawunka ya ce mu bari sai salla ta wuce, mu zo ranar aiki da safe lokacin ba kowa. Na ce wa zai je wurin wasa ba mutane? Ai kuwa na ga mutane. Layin tikiti ya kai bakin titi, lasifika huɗu kowacce da tata waƙar, janareta yana ruri, masu sayar da balan-balan suna busa wani abu mai ƙara kamar kukan agwagwa. Hassan ya toshe kunnuwansa tun daga ƙofa, Innarku tana riƙe da gefen rigarsa.

Muna cikin layin ne wani bawan Allah mai babbar riga ya zo wucewa, ya ga yaro a goye ƙafafu na reto, sai ya danƙa maka sadaka a hannu. Jinina ya hau. Na ɗaga murya na ce bara ya ga muna yi? Na ce da guminmu muka zo, na faɗi abin da ya fi haka. Mutumin ya tsaya sororo, jama'a suka kewaye mu, masu ba da haƙuri sun fi mu hayaniya. Kai kuwa daga bayana ka miƙa masa abinsa, ka ce, "Alhaji, mun gode, mu wasa muka zo." Ya karɓa, ya ce Allah Ya yi maka albarka, ya wuce da kunyarsa. Magana ɗaya ka yi ka gama abin da ihuna bai gama ba, ihun kuwa bai sami kowa ba sai Hassan, wanda ya fara kaɗa jiki gaba da baya. Irin wannan za ta same ka a birni, ba sau ɗaya ba. Za a miƙo maka sadaka a bakin masallaci, za a yi wa wanda yake tura ka magana a kanka kamar ba ka wurin. Kada ka ɗauko halina. Naka ya fi, tun kana ɗan shekara bakwai.

Muka shiga. Gaskiya wurin ya ƙayatu, ni kaina bakina a buɗe yake. Ga dawakan roba suna zagaye, ga ƙananan motoci ana ta karo da juna ana dariya, abin da a kan titi sai an je wurin 'yan sanda. Can tsakiya kuma ga abin da ka zo dominsa, wani ƙaton lilo mai siffar tayar keke, kujeru a rataye a jikinsa, yana juyawa a hankali yana kai mutane sama da bishiyoyi. Na ji yadda ka ƙanƙame wuyana. Na sayi tikiti, muka bi layi, rana tana dukanmu. Da muka iso gaba, ƙarfen ya yi wata ƙara, kujera ta tsaya a gabanmu tana lilo, na kama hannun Hassan na ja. Sai ya sandare. Na ƙara ja, ya zube a ƙasa, ya dunƙule, yana buga kansa da hannu, yana wannan kukan nasa da ba hawaye. Shaddar ta yi buɗu-buɗu. Mutane suka ja baya, wata mata ta ce a yi masa addu'a, wani ya ce a kawo ruwa, mai kula da lilon ya ce, "Malam, ku ba mutane hanya."

A nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na ce, "To shi ke nan. Tunda Hassan ba zai hau ba, ba mai hawa." Ban faɗa don mugunta ba. A raina adalci nake yi, 'yan biyu ne, ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Ina jin numfashinka a wuyana. Can sai ka ce, "Ba komai, Baba. Ni ma ba na so." Yaron da ya yi wata biyu ba shi da zance sai na lilon nan. Na san ƙarya kake yi, amma ƙaryar ta sauƙaƙa mini, sai na karɓa, har na ce Allah Ya yi maka albarka.

Innarku ta matso. Ta durƙusa kusa da Hassan ba ta taɓa shi ba, ta buɗe jakarta, sai ga tsohuwar rigar nan. Ashe ta ɓoyo ta. Ta ajiye a inda zai gani, ta jira. Da ya miƙa hannu, ta zare masa shaddar a gaban kowa ta sa masa tasa, ta miƙe ta yi gaba, ya bi ta. Muka bi su har can ƙarshen wurin, bayan wasu bishiyoyin darbejiya, inda waƙar ba ta isowa sosai. Akwai 'yar ciyawa a wurin, da wani ɗan famfo a tsakiya mai juyawa da kansa yana fesa ruwa. Hassan ya tsuguna a gabansa. Duk lokacin da feshin ya zagayo ya taɓa masa hannu sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya jira ya sake zagayowa. Innarku ta ciro dafaffen rogo, abin da ya saba ci, ta ajiye a gefensa, yana ci yana kallon ruwa. Rabon da in ji dariyarsa haka har na manta. Na sayar da tunkiya, na keto gari ya gari, ashe abin da zai faranta masa famfon ban ruwa ne da ko tikiti ba a karɓa.

Wani dattijo ne yake kula da ciyawar, yana zaune a kan bokiti. Lokacin kashe ruwan ya yi, ya dubi Hassan, ya fasa. Ya ce da ni, "Malam, wannan dai ya samu nasa. Wancan fa?" Na waiga. Na ajiye ka a gindin bishiya, ka juya mana baya, wuyanka a ɗage, kana bin lilon da ido har ya kai sama ya sauko.

Na ce, "Baba, 'yan biyu ne. Ba a raba musu abu."

Innarku ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Malam, biyu na haifa, ba ɗaya aka tsaga mini ba. Kai shi ya hau."

Na ce, "Idan Hassan ya waiga bai gan shi ba fa?"

Ta ce, "Ai zai gan ni."

Na goya ka muka koma. Mai kula da lilon ya dubi ƙafafunka ya ce ba zai ɗora yaron da ba zai iya dafe ƙasa ba, sai dai da babba. Wannan karon ban yi faɗa ba, na tambaye shi yadda ake ɗaure mutum, ya nuna mini, ya ma tsayar da abin sosai har muka zauna. Ka lura da wannan, yawancin mutane idan ka gaya musu a natse abin da kake bukata, za su yi. To, ni da ko bishiyar kuka ban taɓa hawa ba sai don dole, ga ni a kujera tana reto a sararin Allah. Na runtse ido, duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa. Kai kuwa baki ya buɗe. "Baba, ga Dala can. Baba, ga Gwauron Dutse. Baba, dubi motoci kamar ƙwari. Baba, buɗe idonka mana, kuɗinka fa ka biya." Na buɗe ɗaya, na mayar na rufe. Har yau kana ba wa abokanka wannan labarin, kuma kana ƙara masa gishiri, don ban yi kuka ba, iska ce ta shiga mini ido.

Amma akwai abin da ka faɗa a can sama da ba ka sa shi a labarin, wataƙila ka manta. Ka leƙa ƙasa ka ce, "Ga Hassan can wurin ruwa." Sannan ka ce, "Bai ma san mun tafi ba." Muryarka rabi haushi ce, rabi kuma irin ta wanda aka sauke wa kaya. Da muka sauko muka same shi inda muka bar shi, jiƙe sharkaf, cikin jin daɗi. A mota ya kwantar da kai a kafaɗarka ya yi barci, kai kuma ka yi ta zuba har Dawanau. Ran nan kowa ya dawo gida da farin cikinsa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Kunama ko ɗaya ba ta harbe ni ba.

Idan Allah Ya ba ka iyali, ko wata rana ka so fita da ɗan'uwanka irin wannan wuri, ka je ranar da ba kowa, da sanyin safiya. Kafin ka nemi wurin wasa ka fara neman wurin hutawa. Ka riƙe abincin da aka saba da shi. Idan yaro ya tsaya a abu ɗaya yana jin daɗinsa, ka bar shi, kada ka ce sai ya zagaye ko'ina don an biya. Idan kuma ya ce a tafi, a tafi, ko yanzu aka shigo.

Da a ce na riƙe karatun ranar nan, da ba ka ga wannan takarda ba. Amma kafin damina ta zagayo na koma gidan jiya. Sauƙi ne ya ja ni. Hassan ya yi wani sauti, sai in ce, "Hussaini, me yake so?" Ka faɗa, a yi. Ya ƙi wanka, a kira Hussaini. Ya ɓata rai, a kira Hussaini. Aka so kai ka makarantar kwana, ka ce ba ka so, na ce madalla. Bara takardar jami'a ta zo, ka karanta ta sau uku a zaure, ka ninke, ka ce, "Ba komai, Baba, ni ma ban shirya ba." Na ji maganar ta yi mini kama da wata da na taɓa ji, amma ga aikin gona, ga tsadar rayuwa, ga Innarku ƙarfi ya fara raguwa, sai na sake karɓa. Shekara goma sha biyu ina yabon haƙurinka a gaban mutane, alhali ni nake cin amfaninsa. Wannan ita ce nasihar da ta fi duk sauran: idan mai haƙuri ya ce maka ba komai, kada ka yi saurin yarda, musamman idan yardar za ta yi maka daɗi. Kai kuma ka rage faɗinta. Abin da kake so, ka ce kana so. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin son ɗan'uwanka ba ne.

Makon jiya da ka tafi birni yin rajista ka yini, ka dawo ka tambaye ni yaya Hassan, na ce lafiya. Ban gaya maka duka ba. Tun da motarku ta tashi ya tsaya a bakin zaure. Aka kawo koko ya ƙi. Azahar ta yi aka kawo tuwo a kwanonsa, ya ƙi. Na zauna a gabansa ina lallashi, ina miƙa masa loma, yana kau da kai. Sau biyu na ciro waya na nemo sunanka. Sai na tsaya na tambayi kaina, shin yaya kake yi ne? Shekara goma sha tara kuna cin abinci a gabana, ban taɓa lura ba. Na rufe ido na hango ku. Ashe ba ka taɓa zama a gabansa. A gefensa kake zama, ku jingina da bango, kai kana cin naka kana kallon wani wuri, ba ka ce masa ci. Na tashi na ɗauko nawa kwanon, na zauna a gefensa, na zuba wa turken awaki ido, na yi ta cin tuwo mai sanyi ba yunwa. Har na fid da rai. Ana kiran la'asar na ji motsin kwano. Loma uku ya ci, na ƙirga su ta wutsiyar ido. Ban taɓa noma buhun da ya faranta mini rai kamar lomar nan uku ba, kuma na ji kunya ƙwarai, don ɗana ne, tun tuni ya kamata in sani.

Saboda haka ka yafe mini, Hussaini. Aikina ne na ɗora maka tun ba ka san kanka ba, ka ɗauka ba ka taɓa yi mini ƙorafi ba. Hassan ɗan'uwanka ne, ka so shi, ka yi masa addu'a, ka zo masa da tsaraba. Amma ni ne ubansa. Ni da Innarku muna nan da ranmu da lafiyarmu, gero ya yi kyau bana gwargwado, ba abin da ya gagara. Abin da ban iya ba zan koya, ko da a makare.

Ga abin da na yanke. Na janye "to" ɗin da na ce maka a zaure. Hassan zai neme ka, zai tsaya a bakin ƙofa, wataƙila ya yi kwanaki yana cin abinci kaɗan-kaɗan, wataƙila ya shiga halin nan nasa fiye da sau ɗaya. Ba zan kira ka ba. Idan ciwo ne na asibiti, Allah Ya kiyaye, wannan haƙƙinka ne ka sani, zan gaya maka da bakina. In ba shi ba, kai ka riƙa kira ranar Juma'a bayan an sauko, in sa masa wayar a kunne ya ji muryarka. Kuma don kada ka ce ban faɗa maka gaskiya ba: idan ka ji wayata shiru, wata rana lafiya ce, wata rana kuma ni ne na ciro ta na mayar aljihu. Ko wacce ce daga ciki, ka zauna ka yi karatunka. Kada in ga ƙeyar kekenka a garin nan sai an ba ku hutu.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka girmama kawunka da iyalinsa, ka ci abin da aka ba ka. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa albarka a abin da za ka koya, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin abokai, Ya raba ka da ciwo. Allah Ya kwantar wa Hassan da hankali, Ya kwantar maka da naka. Ni kuma ka roƙa mini Allah Ya ba ni ikon cika wannan alkawari, don ya fi wancan na lilo wuya. Na sallame ka da yardata duka, ta Innarku ma haka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.